Tafintan Bayan Labule

Inna ta sauka Alƙahira da buhun busasshen ganyen darbejiya, da ƙullin kanwa, da kuma shawarar da ta riga ta yanke tun daga Funtuwa: ranar da na yi arba'in, za ta tattara ni da jaririyata mu koma gida. Ba ta tsaya ɓoye-ɓoye ba. Tana kwance kaya a tsakar falonmu ta faɗa, da ƙarfi kuwa, don wanda ya kamata ya ji ya ji. Ta ce ta riga ta gama magana da yayana Iliya, zai nemo mana kujera biyu a jirgi.

Ba zan ce ba ta da hujja ba. Shekarar 2013 ce, gari ya rikice, an sa dokar hana fita, magariba na yi kowa ya shige gida. Amma ni da na san uwata, na san ba Alƙahira kaɗai take zargi ba. Mijina take zargi.

Sunansa Gidaɗo. Na faɗa sau ɗaya don ku sani, daga nan Malam za ku ji ina cewa. Bafulatanin Dukku ne, fiƙihu ya zo karanta. Inna ba ta san kakanninsa ba, sau biyu kacal ta gan shi kafin aure, duka biyun kuma ƙeyarsa ta gani don kansa na sunkuye. Sai ga shi ya ɗauke mata 'ya ya tsallaka da ita wata duniya. Ni kuwa ina son mijina, ina son ɗan gidanmu na unguwar Ainu Shams duk da ƙanƙantarsa, ba na son tafiya ko kaɗan. Da na matsa masa ya yi magana, sai ya ce, "Duk abin da Inna ta ce." Ranar na ji kamar in rufe shi da duka.

Gidan ɗaki ɗaya ne da falo, sai wani siririn lungu da ke kaiwa kicin, da labule a bakinsa. Surukai biyu a irin wannan gida, kowa ya san akwai aiki. Malam ya ja katifarsa ya koma lungun. Daga nan yake gaida Inna kullum safiya, a tsugune, ko da yake ba ta ganinsa. Ni ce nake gani in na zo wucewa da ruwan wanka. Ita ma ba ta taɓa yi masa magana kai tsaye ba. Yana bayan labule, ko numfashinsa ana ji, amma sai ta dube ni ta ce, "Ke, ki ce masa gas ya kusa ƙarewa." Kafin in buɗe baki har ya sauka bene neman mai tallar gas, wanda ke yawo yana buga tukunya.

Da aka raɗa wa jaririya suna Hadiza, sunan Inna ke nan, muke kiranta Ummi, na ce shi ke nan an shirya. Ina! Ta karɓi takwararta ta rungume, har da ƙwalla, sannan ta ce mini a hankali, "Wayo ne. So yake ya rufe mini baki."

Akwai wata tsohuwar talabijin da muka gada daga ɗalibin da ya bar mana gidan. Wani yammaci bayan magariba, na gama shan kunun kanwa ina gumi, Inna ta kunna ta don kawai a ji motsi. Sai ga gawar wani attajiri kwance a ofis, mata na kururuwa, ga wani ƙaton jami'in bincike mai gashin baki ya shigo yana dube-dube. Inna ta gyara zama.

"Ke, me suke cewa?"

Larabcina a lokacin na kasuwa ne, nawa ne, rage mini, yalla, khalas. Ban gane abin da suke faɗa ba. Can sai muka ji gyaran murya daga bayan labule.

"A gaya wa Inna, wai an tarar da shi a mace da safe, ƙofa kuma a kulle ta ciki."

Haka aka fara. Kowace rana shirin da sabon kisa, kowace rana mutumin da muka sa wa suna Mai Gashin Baki sai ya gano wanda ya yi kafin a tashi. Malam yana lungu, ba ya ganin akwatin, sai ji. Inna tana gaban akwatin, ba ta jin ko kalma ɗaya, sai gani. Ni ina tsakiya da Ummi a cinya, wai ni ce mai isar da saƙo, alhali ba abin da nake maimaitawa.

A wannan rana ta farko, tun ba a je ko'ina ba aka kama mai gadin bene, don an ji shi yana faɗa da mamacin. Na ce, "Shi ne, dubi idonsa."

Inna ta yi tsaki. "Ba shi ba ne. Wane mai ba da labari ne zai miƙo miki mai laifi tun da fari? Da me zai cika sauran lokacin? Wanda aka fara zargi, ki wanke shi ki ajiye gefe."

"To wane ne?"

"Wancan mai murmushin, da ya kawo wa Mai Gashin Baki gahawa. Sau biyu aka nuna mana hannunsa yana gyara maɓallin riga. Ba a nuna abu a banza."

Da aka tara kowa da kowa a falo a ƙarshe, aka yi talla daidai lokacin da jami'in ya ɗaga yatsa, aka dawo, sai ga yatsan a kan mai gahawa. Daga bayan labule muka ji an ce, "Masha Allah!" Inna ba ta ko waiwaya ba, amma na ga ta gyara ɗaurin ɗankwalinta.

Ban yi mamaki sosai ba. Inna ce mai yi mana tatsuniya muna yara, 'ya'yan maƙwabta har layi suke a tsakar gidanmu, kuma in yaro ya karɓi labari ya tsallake wani wuri, sai ta mayar da shi baya ya gyara. A wurinta labari yana da doka. Cikin mako guda ta gano dokokin Misirawan nan kaf. Dole a yi gawa kafin mai kallo ya gama zama. Wanda ya fi kowa kuka a wurin makoki, a sa masa ido. In kiɗa ya canza alhali ana nuna kofin shayi, to kada a manta da kofin. Sannan akwai tambayar da Mai Gashin Baki yake yi wa yaronsa kullum, har Inna ta haddace ta daga bakin Malam: wa zai amfana?

Amma dokar da ta fi so, wadda take faɗa tana kallon labule, ita ce ta mutumin kirki. "Duk wanda kika ga ya cika ladabi, ba ya ɗaga murya, kullum shi ne mai kawo shayi, to ki bi shi a hankali. A ƙarshe shi ake sa wa ankwa." Daidai lokacin kuwa sai hannun Malam ya turo tiren shayi ta ƙarƙashin labule. Ni dariya ta kama ni, ga kuma baƙin ciki, na rasa wanda zan yi.

Sai abubuwa suka fara lalacewa. Ranar da aka kashe wani mai kantin magani, aka nuno matarsa da direbansa a cikin mota suna ƙus-ƙus, kai a haɗe.

"Ke, tambaye shi me suke ƙullawa."

Sai tari. Sannan murya ta fito ƙasa-ƙasa: "A gaya wa Inna, wai ɗan ƙanin babanta ne. Maganar gonar gado suke yi."

Inna ta ƙura wa akwatin ido. "Ban taɓa ganin ana kallon ɗan'uwa haka ba."

"Al'adarsu ce, Inna. Akwai su da zumunci."

To, ni na ji direban ya ce habibti, wato masoyiyata, kuma wannan kalma na san ta, kada ku tambaye ni inda na koya. Na ja bakina na yi gum. Inna ta cire su biyun daga lissafi, ta ɗora laifin kan yaron kanti. Da aka zo ƙarshe, sai ga ankwa a hannun matar da direban.

"Tsaya," in ji Inna. "Ta kashe mijinta a kan gonar ubanta? Shi mijin me ya haɗa shi da gonar?"

"Wai... shi ma ɗan'uwansu ne."

Daga ranar, a bakin Malam duk mutanen Alƙahira suka zama dangin juna. In an ga namiji da mace sun keɓe, ƙanwarsa ce. In mace ta lallaɓa ta shiga gidan wani, gaisuwar mara lafiya ta je. Kowane kisa a kan gona ne, a garin da ko shukar gero ɗaya ban taɓa gani ba. Inna da ba ta taɓa faɗuwa ba ta fara faɗuwa a jere, kuma uwata ba ta iya faɗuwa ba.

Wata safiya tana tsoma ganye a tafasasshen ruwa tana fyaɗa mini, ina ihu, ta ce, "Labarin nan akwai rami a cikinsa. Su masu shirin ba su da laifi, na ga aikinsu, ba sa cutar mai kallo. Duk abin da za su kama mutum da shi sai sun nuna. Daga bayan labule ake yanke mini shi. Ko dai bai iya Larabcin da ya zo nema ba, ko kuma yana ɓoyewa. In jahili ne, me kike zaune yi a nan? In kuma mai ɓoye-ɓoye ne, wanda ya iya yanke labari yana ji yana gani, ke ma wata rana zai yanke miki gaskiya."

Ba ta rage murya ba. Malam yana kicin yana ɗora wani ruwan, ya ji komai. Ya ci gaba da aikinsa.

Ana saura 'yan kwanaki in yi arba'in, Bakhita ta zo yi mini lalle. Bahaushiyar Sudan ce, a unguwar Arba wa Nus take zaune, kakanninta sun bar ƙasar Hausa a ƙafa za su hajji suka yada zango a hanya, zangon da har yau ba a tashi ba. Hausarta da Larabcinta a cakuɗe suke, bakinta kuma ba shi da birki. Malam yana makaranta. Bayan azahar ana maimaita shirin jiya, Inna ta kunna don ta sake duba inda ta kuskure.

Aka nuno wani lauya da matar da Malam ya ce mana ƙanwarsa ce. Inna ta ce, "Ga shi nan da ƙanwar tasa, ita ce ta rikita ni."

Bakhita ta ɗago kai daga ƙafata. "Ƙanwa? Ya Hajja, wace ƙanwa? Dadironsa ce wallahi! Ga shi yana ce mata ta yi haƙuri, in matarsa ta mutu khalas zai aure ta."

Na ƙifta mata ido, na motsa ƙafa har lalle ya zame, ko a jikinta. Ta ci gaba da fassara tiryan-tiryan, har da abin da ni ma sai da na sunkuyar da kai.

Inna ta ce, "Akwai wata matar mai kantin magani, da direba."

"Na gani! Farkanta ne, duk unguwa an sani sai mijin."

"Babu maganar gona?"

Bakhita ta tuntsire da dariya har da riƙe ciki. "Gona a ina, ya Hajja?"

Inna ta ce, "To." Ta tashi ta kashe akwatin, ta shiga ɗaki. Wannan "to" ɗin na san ta tun ina yarinya, ba ta taɓa zuwa da alheri ba.

Malam na dawowa na tare shi a kicin, da lalle a ƙafa, ina tafiya a kan dunduniya. Na faɗa masa komai, murya ƙasa-ƙasa amma kamar in cinye shi. "Ka ga abin da ka jawo mana? Yanzu ta tabbata kai maƙaryaci ne. Me ya hana ka faɗi abin da suka ce kawai?"

Ya dube ni kamar na ce ya yi tsirara a kasuwa. "Rabi'atu, da wane bakin? In buɗe baki in ce wa Inna wance tana bin maza?"

"Ta ce ba ka iya Larabci ba, kana ji!"

"Ma'alish, ba komai. Gara ta ce haka."

"Za ta tafi da ni."

Ya sauke tukunyar da ke kan wuta. "Na sani," ya ce. "Tun da ta faɗa ban yi barcin kirki ba." Wannan ne karo na farko da ya nuna mini abin yana cinsa, sai faɗan ya ƙare mini, na koma kuka.

Kwana biyu Inna ba ta kunna talabijin ba. Ta yi mini wanka, ta dama kunu, ta goya takwararta, amma magana sai dole. Sai dai na lura tana kallo. In Malam ya shigo da tukunyar gas a kafaɗa yana haki, idonta na kan ƙasan labule. In ya cire takalmi tun daga matakala don kada ya ta da ita daga barcin rana, tana ji. Ni kuwa na fara ninke kayan Ummi a akwati, don na riga na sallama.

Ana gobe arba'in, bayan magariba, ta kunna. Malam ya zauna a mazauninsa, ya fara aiki kamar ba abin da ya faru. An kashe wani mai otal a wannan karon. Ba a daɗe ba aka nuno matar mamacin da wani saurayi a baranda, ya riƙe hannunta.

Inna ta ce, "Ke, tambaye shi. Wannan ma ƙaninta ne?"

Labulen ya ɗan motsa.

"A ba Inna haƙuri," in ji shi. "Ba ƙaninta ba ne. Abin da suke faɗa kuma, ba zan iya maimaitawa a gabanta ba."

Inna ta rage ƙarar akwatin. "Ki ce masa ya shigo."

Ya shigo a durƙushe, ya raɓe jikin bango, ya juya mana rabin baya. Inna ta gyara zama, ta haɗa hannu a kan gwiwa. Sai na gane abin da ke faruwa: an tara kowa a falo. Har yatsa ta ɗaga.

Ni take kallo tana magana. "Mutumin nan ya yi mini ƙarya, wannan ba musu. Ya mayar da fasiƙai 'yan'uwan juna, ya raba musu gonaki. Ya sa na faɗi a abin da ban saba faɗuwa ba. Kwana biyu ina juya abin, sai na yi wa kaina tambayar Mai Gashin Baki. Wa ya amfana?"

Ta sauke yatsan, ta ci gaba.

"Na duba, ban ga abin da ya samu ba. Na kira shi jahili yana ji. Na kira shi mai ɓoye-ɓoye yana ji. Kalma ɗaya zai faɗa ya wanke kansa, ya ƙi, don kada kunnena ya ji ƙazanta daga bakinsa. Ya yarda ya rasa matarsa da 'yarsa a kan haka. Wauta ce, amma ba irin wautar da ake raba mutum da iyalinsa a kanta ba."

Ta shafa kan Ummi. "An yi ta nuna mini shi, ni ce ban duba ba. Kuma ni da bakina na gaya miki tun ranar farko, wanda aka fara zargi..."

"A wanke shi a ajiye gefe," na ƙarasa mata.

"To ki kira Iliya. Kujera ɗaya."

Daga nan ta yi abin da ban taɓa zaton zan gani ba. Ta juya ta fuskanci bangon da yake raɓe, ta yi masa magana, shi da kansa, ba ta bakina ba.

"Malam, juyo ka ga mutumin da ka daɗe kana ara wa baki."

Ya juyo a hankali. A akwatin, jami'in ya tara mutanen otal yana zagaya su. Malam ya ƙura masa ido, ya manta da kansa, ya ce, "Ashe ƙato ne haka? Ni duk na ɗauka siriri ne."

Inna ta yi dariya, irin wadda rabona da jinta tun Baba na da rai. Ni kuma na samu abin da nake roƙo tun ranar da ta sauka, sai a lokacin na tuna abin da kujera ɗaya take nufi: tsohuwar nan za ta hau jirgi ita kaɗai, ta koma gidan da ba kowa, ta bar takwararta a nan. Na kifa kai a cinyarta ina kuka wiwi, da farin ciki da kewarta tun ba ta tafi ba.

Ta dafa bayana, idonta na kan akwatin. "Ke, ɗaga mini, za a faɗi mai laifi. Malam, ƙara mana murya. In an zo wurin da ba ya faɗuwa, ka yi tari kawai, zan gane."